Awa Biyar

Na raka ka Ambursa da hantsi, Arzika,
jakarka ɗaure da ƙyallen zanen Inna
don kada ta ɓace cikin dubun jakunkuna.
Wani mai jar hula ya ce, "Jidda?
Awa biyar ce, kilomita kusan dubu huɗu."
Na ƙirga a yatsu, hannu ɗaya ya isa.

Kakanmu Nomau da ƙafa ya taka ta.
Ya tafi da baƙin gemu, ya komo da furfura,
damina uku yana tsinkar audugar wasu
kafin ya ɗanɗana ruwan gishiri.
Kai kuwa azahar a nan, isha'i a can.

Jirgi ya ɗaga, ya zama shirwa, ya zama ƙuda,
na juya neman motar Ribah.
A Jega muka jira cikon mutum biyu.
A Koko injin ya yi tari, ya yi shiru.
Hadari ya taso, taya ta fashe kafin Mahuta.

Ina zaune kan buhun albasar wani
wayata ta yi ƙara:
"Yaya, mun sauka! Agogonsu ya riga namu."
Na ce, "Ba agogo kaɗai ba."
Ka ƙetare hamada da teku,
ni ban ƙetare jiharmu ba.

Sai da zakara ya yi cara na buga ƙyaure,
laka har gwiwa.
Inna ba ta tambaye ni hanya ba,
ta ɗaga fitila, ta ce,
"Ya ci abinci kuwa?"