Gurbi Ɗaya a Takarda

Shekara goma sha tara ina yagar tikiti
a ƙofar taragon da ke hawa tudun Valparaíso.
Kunnena ya haddace kukan igiyar ƙarfe
tun ban san sunan ciwonta ba.

Yau takardar makarantar dare na kan tebur,
shayi ya huce a gefenta.
Gurbi ɗaya ya rage: wane fanni?

Maite, 'yata, ta ce lantarki, can kuɗi suke kwana.
Don Evaristo na ƙasan bene ya ce gini,
tunda ƙasar nan ba ta gajiya da girgiza.
Sun manta shekaruna arba'in da huɗu.
Ni ban manta ba,
lissafin da na baro a aji ya yi tsatsa
kamar ƙusar da iskar teku ta lasa.

Na ajiye biro, na leƙa taga.
Tarago na saukowa a hankali,
ga ƙarar nan kuma, siririya, daga gargaren hagu.
Tun watan jiya na faɗa wa injiniyoyin,
suka yi murmushi.

Na rubuta: injuna.
Hannuna bai yi rawa ba
sai wajen sa hannu.