Ramin Na'ibawa

A Na'ibawa nake faci, bakin titi,
Da famfo, da gam, da baho na ruwa,
Shekara tara ke nan ina liƙe taya.

Gabana akwai wani rami, mun saba,
Ya faro kamar tafin hannun jinjiri,
Yau in an yi ruwa agwagi ke iyo,
Direbobin tirela na ce masa rijiya.

Wata Laraba ya cafke ƙafar mota,
Ta Honarabul Zubairu Maiwada.
Ya fito yana huci, ya naɗe riga,
Ya tsaya a kaina ina kwance noti,
Ya ce, "Ka gani ko? Aikin tarayya!

Sun tattare arziki sun kai Abuja,
Su ke da ɗan sanda, su ke da kwastan,
Mu namu kallo da tura wasiƙa.
Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo,
A ba jiha iko, ka ga gyaran hanya."

Na ce, "Haka ne, ranka shi daɗe."
Ya miƙo dubu, bai tsaya canji ba,
Na bi shi da addu'a da godiya.

Da dare na kunna rediyo kan benci,
Sai ga Hajiya Talatu Inuwa:
"Gwamna da ɗan sandansa? Wa zai yi tari?
Kason ƙananan hukumomi ina ya shige?
Gidan da ba babba, yara sai dambe,
Ai sai da maɗauri ake tsintsiya."

Na juya zancen har barci ya zo,
Na ce ita ma fa ta faɗi gaskiya.

Aka yi zaɓe, damina biyu ta wuce.
Zubairu ya samu kujera a Abuja,
Hajiya ta zama kwamishina a nan.
Ramin kuwa ya yi ƙiba, ya yi kumatu,
Shi ne bai taɓa sauya jam'iyya.

Ran nan sai jiniya, sai ƙara, fus!
Baƙar jif ce, mai ita bai gane ni ba.
Ya sauke gilashi kaɗan, ya ce,
"Kwalbatin nan ai ta jiha ce, malam,
Ruwanta ke cin kwalta, mu mun turo kuɗi.
Ƙasa ba ta zama sai da ƙarfi a tsakiya."

Daren nan Hajiya ta dawo rediyo:
"Abuja ta danne mu, ta hana mu motsi,
Titin nasu ne, in mun taɓa laifi."
Na dubi akwatin, na dubi ramin,
Sun yi musayar baki kamar hula,
Ba wanda muryarsa ta nuna kunya.

Baba Ɗanlami mai rake ya gaji,
Ya turo baro uku na ɓaraguzai,
Wani mai fayil ya zo ya tsayar da shi,
Wai wa ya ba shi izinin taɓa titi?
Baba ya ce, "To wa zan je in tambaya?"

Ni dai bari in faɗi tawa, ko da ɗaci.
Ramin nan shi ya biya wa Rabi makaranta,
Shi ya sai min buhun masara bara.
Duk cikin masu mulki, na sama da na ƙasa,
Ba wanda ya riƙe ni kamarsa, ba ƙarya.

Amma watan jiya adaidaita ta kife,
Na ciro wata tsohuwa da hannuna,
Tumatirinta ya watse har tsallake,
Tana ta tambayar ina takalminta.
Tun ranar kuɗin faci ke min wuya.

A cike shi. Ko na koma turin baro.
Ba zan duba tambarin da ke jikin tifa ba,
Na jiha ne, na Abuja ne, oho,
In dai tsakuwa ce ta sauka a ciki,
Mai ita shi ne gwamnati, sauran jayayya.