Gwangwanin Zare

A gwangwanin zare nake ajiye ta,
tsakanin allura da ɗan almakashi,
inda hannuna ba ya wuni bai leƙa ba.
Ashirin da takwas a jere, ƙanana kamar gero,
kibiya na nuna wadda ke biye.

Kafin ita na yi kwanika sau biyu.
Sadiya ba ta taka ba Mudi ya sauka,
Mudi na rarrafe, sai ga amai da safe.
Wuyan riga ɗaya, aska biyu kacal,
ya shekara a cinyata bai ƙare ba,
har mai rigar ya aiko daga Sabon Gari:
in abin ya gagara, a maido masa yadinsa.

Ranar Talata muka tafi Ƙofar Gayan,
ni da Ilu, yana ta kallon takalminsa.
Sista Lantana ba ta miƙo komai ba tukun.
Ta ɗaure min dantse, ta matsa, ta saurara,
ta ce jinin bai hau ba, madalla.
Ciwon kai mai rikita gani, kina yi? A'a.
Maganin tarin fuka, ko na farfaɗiya? Babu.
Shayarwa fa? Na juya mata goyona.
Sai ta mai da wani kati, ta zaro wani:
"Wannan ta masu shayarwa ce, ba ta hana nono,
sai dai 'yar mulki ce, ba ta son jira.
Ki zaɓa mata lokaci, ki riƙe alkawari."

Na zaɓi isha'i.
Ladanin Anguwar Juma ba ya makara.
Ina sallamewa, kafin in naɗe darduma,
moɗa ɗaya daga randa, ta wuce.

Watan farko jini ya yi min wasa,
ɗigo yau, shiru gobe.
Ban tambayi zauren biki ba, na koma wurin Sista.
Ta duba, ta ce jiki ne ke koyon baƙuwa,
amma in ya yi yawa, ko mara ta murɗa,
kada in jira wata Talatar.

Sau ɗaya na saɓa.
Sunan ɗiyar ƙanwata a Samaru, ruwa ya tsare mu,
gwangwani na gida, ni ina can.
Na kwana ina ƙirga ɗigon indararo.
Da safe ko mayafi ban cire ba na haɗiye ta,
ta dare kuma a kan lokacinta,
Ilu ya je kemis neman kwaroron roba na kwana biyu,
ya haɗo da man zafi, don a ce shi ya je saye.

Hajo ta leƙo ta katanga: "Sam min biyu mana."
Ita tata a tashar Kwangila take saye,
cikin daro, a ka, rana na dafa ta tun hantsi.
Na ce, Hajo, ko riga sai an auna,
jininki ba nawa ba ne.
Ta ce ai an ce tana ƙone mahaifa.
Na ce ni dai abin da aka faɗa min,
ƙofar a saye take, ba a toshe ba,
ran da na daina, ikon Allah na nan.
Ta yi tsaki ta sauka.
Jiya ta tambaye ni ƙarfe nawa ake fara ba da kati.

Rigar nan an karɓe ta tun watan jiya.
Yanzu aska takwas ce a cinyata, farar shadda,
Auta na barci, Mudi ya tafi da zaren kore.
Ga ladan can ya gyara murya.
Bari in soke allurar a nan.