Takardar Siminti

Kawu Ilu ba ya amsa tambaya da baki.
Ka ce masa, "Wane ado za a yi wa rigar nan?"
sai ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya shimfiɗa takardar siminti a dakalinsa na Soron Ɗinki,
ya ce, "Bari mu ji ta bakin hannu."

Layin farko ƙarya ne, kullum.
Ya sani, amma sai ya ja shi,
kamar mai jefa guga a rijiyar da bai san zurfinta ba.
Na biyu ya karkace.
Na uku ya bi ta kansu yana ba su haƙuri.

Ni ina gefe riƙe da kilina,
ina ɗokin goge kuskure.
Ya make min hannu:
"Bar shi. Wanda ya share sawunsa,
ta ina zai gane inda ya ɓata?"

Adaidaita na wucewa da hayaƙinsu,
mai kunun aya ta zo ta tafi,
shayi ya huce har ƙuda ya faɗa.
Shi yana can wani lungu na takarda
inda da'ira ta ƙi haɗuwa da kanta.

Ran nan wani alhajin Kwari ya kawo shadda,
aska takwas yake so, irin ta kowa.
Kawu ya yi ta ja,
aska ta lanƙwashe ta zama ƙahon rago,
ƙahon ya buɗe ya zama ƙofa,
ƙofar ta ɗauko kamannin ta gidan kakanmu a Yakasai,
wanda ruwa ya ci shekarar da aka haife ni.
Ya daɗe yana kallonta.
"Ashe nan nake ta zuwa," in ji shi.
Ba da ni yake ba.

Alhaji ya karɓi askarsa takwas, ya biya.
Ƙofar tana nan ƙarƙashin tabarma.

Yanzu yana ta rufe masa ido,
fensirin ya dawo bayan kunnena.
Amma in an yi la'asar nakan gan shi
yana jan yatsa a kan gwiwarsa,
ya tsaya, ya koma baya, ya sake.
Jikoki su ce tsufa ne.
Ni da na riƙe masa kilina shekara tara
na san tunani yake yi,
bai dai kai layi na uku ba tukuna.