Abin da Harshena Bai Ji Ba

Ƙarshen Afrilu, a bakin Qeqertarsuaq,
na kashe injin jirgi inda ƙanƙara ta tsage.
'Yata Nivikka ta zura guga mai doguwar igiya
cikin ruwa baƙi ƙirin, mai sanyin yanke yatsa.

Shekara arba'in ina kamun jatan lande a nan,
na san ruwan nan kamar yunwar cikina.
Sai ga yarinyar da na koya wa ɗaurin ƙugiya
tana ce mini, "Baba, teku na yin tsami."

Na cire safar hannu, na kamfata, na kurɓa.
Gishiri ne.
Gishirin jiya da shekaranjiya,
wanda ya farfasa leɓen kakana Aputsiaq.
Ta yi dariya har hularta ta zame:
"Ba da harshenka ake maganar ba,
da waɗanda ke ratsa kafar allura ne ayari guda."

Da yamma ta ɗora idona a kan madubinta.
Ashe gari ne sukutum a cikin ɗigo ɗaya!
'Yan akwatunan gilashi, ruwan zinariya,
wasu a jere kamar sarƙa, wasu kamar ƙaya,
wani shi kaɗai yana juyi, bai damu da kowa ba.
"Ciyawar teku ke nan," in ji ta.
"Ba saiwa, ba ganye, haske suke ci.
Ƙwaron ruwa ya ci su, kifi ya ci ƙwaro,
kai ka ɗora kifi a sikeli,
ni na yi karatu da kuɗin."

Kwalabe goma sha biyu ta jera a baho kan rufi.
Wasu ta lulluɓe da raga, a madadin inuwar ƙanƙara,
wasu ta bar su tsirara ga rana,
wasu ta hura musu iskar da injuna ke amayarwa
a biranen da ban taɓa takawa ba.
"Har da na jirginka," ta ce,
ba ta ɗago ta dube ni ba.

Mu da muke kwana da kewar rana!
Makonni ba ma ganin ƙeyarta a hunturu,
ranar da ta leƙo, yara kan hau dutse su gaishe ta,
karnuka su tashi su karkaɗe jiki.
Ban taɓa jin wanda ya ce rana ta yi yawa ba.
Amma rufin da ke tace ta ya yi siriri,
yana yayewa tun lokaci bai yi ba,
haske na zubowa babu sallama.

Kwana tara.
Masu tsami kaɗai sun daure.
Masu rana kaɗai sun runtse, su ma sun daure.
Kwalbar da biyun suka haɗu a kanta
ita ce ta koɗe kamar tsohuwar riga,
masu gidan gilashi sun yi laushi,
sai wasu korayen mitsi-mitsi suka cika wurin,
suna ta biki,
ga yawa, ba maiƙo.

Na ce, "To, haka tekun zai zama?"
Ta jima tana goge alƙalami a hannun riga.
"Kwalba ba teku ba ce, Baba.
Baɗi zan sake. Ka ajiye mini wuri a jirgi."

Ruwa ba ya tsami banza.
Da asuba, in asuba ce, don dare ya fara ƙin zuwa,
na zauna a jirgi, hannuna a kan makulli,
ina kallon ruwan da ya fara kore daga ƙasa.
Na daɗe a haka.
Wani tsuntsu ya sauka, ya tashi.

Sannan na murɗa,
don a gida akwai bakin da ke jira.