Kwalbar Malam Isiyaku

A bayan ajin firamare, nan Auyo,
Malam Isiyaku ya kafa kwalba bisa turke,
da mazurari a bakinta.
Shekara goma sha ɗaya yana auna ruwan sama
yana rubutawa a littafi mai shuɗin bango.
Mu kuwa muna dariya:
wai mutum zai ƙirga abin da ba shi ya saukar ba.

Har da ni a masu dariyar.
Na ce ubana ya ga fari, kakana ya ga ambaliya,
ba wanda ya kira shi sauyin yanayi.
Ruwa baƙo ne, in ya ga dama ya kwana,
in ya ga dama ya zarce Kafin Hausa.

Sai ga zaɓe.
Maiwada ya hau bayan a-kori-kura da lasifika:
"Zancen yanayi zancen 'yan kwangila ne!
Su turnuƙe duniya da hayaƙinsu,
sannan su hana uwarka icen girki?"
Wallahi maganar ta shige ni,
don na san wanda ya ci kuɗin dashe.
Na ga benensa a Dutse,
ban ga inuwa ba.

Daren da aka ci zaɓe
samari suka tumɓuke darbejiya ɗari biyu,
don jam'iyyar da ta faɗi ce ta dasa.
Ɗana Ilu na cikinsu.
Kwalbar ma sai da aka jefe ta.
Malam bai ce uffan ba, ya tsince gilasan
kada yara su taka.

Bana sau uku na shuka gero.
Biyu rana ta gasa,
na uku ya yi kai, har ya fara bununi,
kogi ya zo cikin dare ya shanye shi a tsaye.
Yanzu kwalekwale ke bi ta kan gonata.

Har yau ban ce na yarda ba.
Ban taɓa ganin ƙanƙarar da aka ce tana narkewa ba.
Amma jiya da la'asar na wanke kwalbar manja,
na zari mazurarin Ladidi ba ta sani ba,
na bi ta bayan gari kada a gan ni.
Na tarar da shi yana jan layi a littafin,
shafin bana ba komai sai kwanan wata.

Ya dube ni, ya dubi kwalbar.
Ya ce, "Barau, bakinta ya yi ƙunci,
amma kawo."