Ruwan Toka

Shekara goma sha tara na yi a Sharaɗa
ina naɗe sabulu a takarda mai hoton fure.
Inji ya tofo, in cafe,
ya tofo, in cafe,
har ranar da aka garƙama wa ƙofa kwaɗo,
aka ce kowa ya je gida, za a neme shi.
Har yau ana nema.

Goggo Tasalla ta dube ni daga kan tabarma:
"To, mai sabulu, tun da zama ya kama ka,
yi mana ko dunƙule ɗaya."
Na ce ai sai da inji.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Washegari ta aike ni.
Damin karan dawa biyu a bakin Ƙofar Na'isa,
man kaɗanya a Kurmi,
"ka shinshina kafin ka taya,
kuma kada ka biya kuɗin farko."

Muka cinna wa karan wuta a bayan ɗaki.
Na ɗauko kalanzir, ta buge hannuna.
Ta ce kalanzir ba ya riƙe sirri,
ko an kwana uku sai ya yi magana a cikin kumfa.

Toka ta huce, muka ɗura ta a tukunya mai huji,
tsumma a gindi, ruwa a kai.
Ɗis.
Ɗis.
Na kwanta ina ji har asuba,
ni da na saba da katan ɗari kafin azahar.

Ta lakato da ɗan yatsa, ta ɗora a harshe,
ta taɓe baki:
"Bai yi cizo ba. Mai da shi."
Na mayar.
Sau uku ruwan nan yana bin hanyar da ya bi,
sannan ya yi kalar shayi, ya yi haƙora.

Tukunyar farko ta ƙi.
Mai a sama, ruwa a ƙasa,
kamar maƙwabtan da suka ɓata a kan magudana.
Goggo ba ta ce komai ba,
goronta kawai ta ɓara, ta kalli hadari.

A ta biyu na janye itace ɗaya,
na riƙe muciya da hannu biyu.
Tun hantsi nake juyi.
Hayaƙi ya sa ni hawayen da ban yi ba
ranar da aka sallame mu.
Ɗan gidan Malam Nadabo ya leƙo ta katanga,
wai ko alewa ake tuƙawa, a ajiye masa ƙanzo.
Tafasa ta yi tsalle ta same ni a wuyan hannu,
ga tabon nan, kamar ƙwayar wake.

Can wajen la'asar muciya ta yi nauyi.
Abin da ya ƙi juna ɗazu ya kama hannun juna,
ya yi ja, ya yi duhu, ya daina surutu.
Goggo ta tsoma tsinke, ta murza a tafi da ɗigon ruwa,
farar kumfa ta fito daga baƙin abu.

Dunƙule goma sha ɗaya muka samu,
ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa,
duk da shatin yatsuna a jiki.
Na wanke tsohuwar rigar aikina da guda,
wuyanta ya fita, wanda na daɗe da haƙura da shi.

Ta ce, "Da sauranka. Amma zai yi wanki."
Ta zare biyu, ladan koyarwa.

Sauran na yago takardar siminti,
na naɗe su kafin ta gama gyara ɗankwali,
kusurwa huɗu, ko'ina tsaf.
Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta sake juyawa.
"Nan kam," in ji ta, "ka fi ni."